Wasiƙar Tsakiyar Disamba

A shekararmu ta huɗu a unguwar Bronx da ke birnin New York ne 'yata ta fari ta shiga ajin ƙarshe na sakandare, kuma a lokacin ne na gane cewa abin da na sani game da shiga jami'a, wanda bai wuce rubuta JAMB da jiran fitowar sunaye ba, ba zai yi mini rana a Amurka ba. Cikin watan Oktoba ta kawo mini wata yarjejeniya ta neman gurbi da wuri. Ɗalibi yakan zaɓi jami'a ɗaya tak ya miƙa mata takardunsa zuwa 1 ga Nuwamba, a ba shi amsa a tsakiyar Disamba, bisa sharaɗin cewa idan aka ɗauke shi dole can zai shiga, ya kuma janye neman da ya yi a ko'ina. Ni da ita da malamar da ke ba su shawara a makaranta duk muka sa hannu, kuma har yau ina jin kunyar cewa ban tambayi kuɗin makarantar ba.

Ranar da sakamako ya fito, na dawo daga aiki bayan isha'i na tarar da ita a gaban kwamfuta, shayinta ya huce ba ta taɓa ba. Ta ce, "Baba, ba su ɗauke ni ba, kuma ba su ƙi ni ba, sun ɗage ni ne." Ni dai a kunnena wannan shi ne "je ka, za mu neme ka" da muka saba ji a ofisoshin gida, don haka na fara ba ta haƙuri kamar an yi rashi.

Malamarsu ce ta warware mini zare da abawa. Wanda aka ƙi kai tsaye, maganarsa da wannan jami'ar ta ƙare a wannan shekarar. Wanda aka ɗage kuwa, ana mayar da takardunsa cikin na dubban masu nema a zagaye na gama-gari, ya jira amsa zuwa ƙarshen Maris, sannan alkawarin da ya ɗaure shi ya warware, ko da daga baya an ɗauke shi. Wannan magana ta ƙarshe ce ta tsaya mini a rai, domin sai a lokacin na fahimci irin igiyar da na sa wa wuyana da hannuna.

Hutun hunturu bai zame mata hutu ba. Jami'o'i da yawa suna rufe karɓar takardu a farkon Janairu, kuma da dama suna neman nasu rubutun na musamman ban da wanda ake sakawa a Common App, shafin intanet da ake neman jami'o'i da yawa ta cikinsa da fom ɗaya. Ta aika wa bakwai, ta kuma rubuta wa ta farkon gajeriyar wasiƙa cewa har yanzu tana sonta, makaranta ta bi da sakamakon rabin shekara. Da ta kawo maganar zagaye na biyu na irin wannan yarjejeniya, wanda ake shiga a Janairu a ji amsa a Fabrairu, na ce a'a, an sha mu mun warke. Ni kuma na zauna da takardun harajina muka cike FAFSA, fom ɗin neman tallafin kuɗin karatu na gwamnatin tarayya.

A ƙarshen Maris jami'ar farko ta sanya ta a jerin masu jiran ko-ta-kwana, inda ba kasafai ake kiran mutum ba sai bayan 1 ga Mayu, ranar da ɗalibai suke tabbatar da zaɓinsu da kuɗin kafin alƙalami. Huɗu sun ɗauke ta. Muka shimfiɗa takardun tallafinsu a kan teburin cin abinci, mahaifiyarta tana riƙe da biro tana ware kyauta daga bashi, domin sukan jera su wuri guda kamar duk ɗaya ne. Ɗaya daga cikin jami'o'in gwamnatin jihar New York ce ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma ita muka biya wa. Cikin Yuli saƙo ya zo daga ta farkon cewa gurabe sun cika. Ta karanta mini shi ne a mota, muna hanyar sayo mata bargo da akwati.