Ranar da na ba tsohuwa kakannin da ba nata ba

Ni mutumin Katsina ne, farar ƙasa ba baƙuwata ba ce, don a Ƙanƙara ana haƙo ta. Amma sai da karatu ya kai ni Konwol, can ƙuryar kudu maso yammacin Ingila, na ga inda farar ƙasa ta cinye gari. Arewa da St Austell duk inda ka waiga tsibin farin yashi ne ya tokare sama, a gindinsa kududdufi mai ruwa kore shar. Kafin a tace tan ɗaya sai an zubar da kusan tan tara na yashi da tsakuwa. Tun shekarun 1740 William Cookworthy ya gano ƙasar a yankin, ya yi tangaran da ita, daga baya masu yin takarda suka zama manyan masu saye.

Binciken digirina a kan ƙauyukan da ramuka suka haɗiye ne, don haka tsofaffi nake bi ina naɗar maganarsu. Wata tsohuwa a ƙauyen Bugle, ta haura tamanin, ta gindaya mini sharaɗi. Ta ce, "Ɗana, zan ba ka labari har ka gaji, amma kai da ka iya kwamfuta sai ka nemo mini mutanenmu." Na ce, "Mama, an gama." A raina na ba aikin kwana uku.

Da farko abin kamar wasa. A Ingila tun 1841 ake rubuta sunan kowa a ƙidaya duk shekara goma, kuma sai takardun sun cika shekara 100 ake buɗe su. An buɗe ta 1921 a Janairun 2022, kuma ita har da sunan wanda mutum yake yi wa aiki. Nan na ga kakanta: lebura a kamfanin English China Clays, wanda aka kafa a 1919. Ta ce yana cikin masu yajin aikin 1913, lokacin da aka kawo 'yan sanda daga kudancin Wels suka bi ma'aikata da kulake a nan Bugle. Baki ya faɗa, takarda ba ta musa ba, na ji kaina ya fara girma.

A kan mahaifin kakan ne na yi tuntuɓe. Sunansa William. A ƙidayar 1881 na tarar da William biyu, sunan zuri'a ɗaya, shekaru kusan ɗaya, dukansu leburorin farar ƙasa, tsakanin gidajensu tafiyar ƙafa ce. Mutanen nan sunayensu ba su da yawa. John ya haifi William, William ya haifi John, kamar yadda za ka shiga unguwa a Katsina ka kira Sani mutum biyar su waiwayo. Ɗaya haifaffen St Austell ne, ɗaya haifaffen Gwennap. Na zaɓi na St Austell, kuma gaskiya ba don wata hujja ba. Hanyarsa ce shimfiɗaɗɗiya: rajistar cocin garin ta ba ni ubansa, ta ba ni kakansa, ina ta gangarawa har cikin shekarun 1700. Na zana bishiya a babbar takarda, na naɗe, na kai mata ina murmushi.

Ta sa tabarau, ta bi sunayen da yatsa a hankali. Can ta ɗago ta ce, "Ka sha aiki. Amma mu ba 'yan wannan cocin ba ne, 'yan Metodis ne. Kuma kakata ta sha faɗa mini daga yamma muka zo, daga wajen jan ƙarfe." Na ce mata cikin ladabi ai takarda ba ta mantuwa. Abin da ke raina shi ne tsufa ya haɗa mata labari biyu. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Ni da na tashi ina jin gwaggona tana jero kakanninmu bakwai ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, ni ne nake raina maganar tsohuwa don na ga rubutu.

Malamar da ke duba aikina tambaya ɗaya ta yi mini: me ya haɗa William ɗinka da kakan tsohuwar, ban da suna? Na rasa ta cewa. Ta ce in nemo takardar aure. Tun 1 ga Yuli 1837 gwamnati ke rajistar haihuwa da aure da mutuwa, kuma takardar aure tana ɗauke da sunan uban ango da sana'arsa. Kuɗinta ne na yi wa ƙyashi tun farko. Na fara da takardar haihuwar kakan, ta ba ni sunan gidan su mahaifiyarsa, da shi na gano auren. Da takardar ta iso, ga sana'ar uban ango ɓaro-ɓaro: mahaƙin jan ƙarfe. Ango da amarya duk alamar X suka yi a gurbin sa hannu. Kama da wane ba ta wane.

Da na koma kan Gwennap sai komai ya zauna daram. Gunduma ce da ta yi tashe da jan ƙarfe, kasuwarsa ta karye a 1866, ramuka suka yi ta rufewa. Wasu suka tsallaka Amurka da Ostireliya, wasu suka gangaro gabas wurin farar ƙasa. A Kresen Kernow, gidan adana takardun Konwol da aka buɗe a Redruth a 2019, na sami baftismar 'ya'yan William haifaffen Gwennap a littafin cocin Metodis, wurin da ban taɓa leƙawa ba don na ɗauka kowa a Cocin Ingila yake. A ƙidayar 1871 kuwa mahaifiyarsa ce shugabar gida, an rubuta matar aure, babu mijin a jerin. Irin wannan layi ya yi yawa a Konwol ta wancan zamani.

Adireshi ma ya yaudare ni. Gidan da aka haifi kakar tsohuwar a ƙauyen Greensplat yake, na neme shi a taswirar waya ban ga gida ko ɗaya ba. Sai da na ɗora tsohuwar taswirar gwamnati ta shekarun 1880 a kan hoton tauraron ɗan'adam na ga jerin gidajen da ɗakin ibadarsu. Ramin haƙar farar ƙasa na Wheal Martyn ya matso ya lashe ƙauyen. Tun daga ranar, kowane suna na rubuta sai na sa inda na samo shi a gefensa, wanda ba shi da shaida biyu kuwa da fensir yake shiga.

Na koma Bugle da sabuwar takarda, gajeruwa, ko rabin ta farko ba ta kai ba. Na ce, "Mama, ke ce da gaskiya, ki yafe ni." Ba ta ce komai a kai ba, ta zuba mini shayi. Na miƙa hannu zan ɗauke tsohuwar bishiyar in yaga, ta dafe ta. Ta ce akwai wata mata a layin bayansu mai irin sunansu, shekara da shekaru suna gardama ko su dangi ne. Ranar Lahadi za ta kai mata kakanninta.