Riƙon Tsofaffin Dawaki Masu Amosanin Gaɓɓai

Sana'ata ita ce riƙon dawakin da shekaru suka cim musu. Ina da 'yar barga da ma'aikata kaɗan, masu doki kan kawo mana dabbobinsu idan sun daina aiki ko suna gab da dainawa, mu ci gaba da ciyar da su da duba lafiyarsu tare da likitan dabbobi da mai gyaran kofato. Doki yakan kai shekara 25 zuwa 30 idan ya samu kulawa, kuma a cikin waɗannan shekarun na ƙarshe babu abin da ke cinye mana lokaci kamar amosanin gaɓɓai.

A kowace gaɓa akwai guringuntsi mai santsi da ke lulluɓe da kawunan ƙasusuwa, akwai kuma wani ruwa mai yauƙi da ke hana su gugar juna. Idan guringuntsin ya zaizaye, ruwan yakan tsinke, gaɓar ta kumbura, ƙashi ya fara fitar da tsiro a gefensa. Guringuntsi ba shi da jijiyoyin jini, saboda haka wanda ya cinye ba ya dawowa yadda yake. Wannan ne ya sa tun ranar da aka kawo doki nake gaya wa mai shi cewa aikinmu rage raɗaɗi ne da jinkirta lalacewar gaɓar, domin wanda ya zo da tsammanin warkewa zai riƙa ganin kowane magani a matsayin wanda ya gaza.

Masu doki da yawa sukan ce, "Ai tsufa ne kawai," alhali alamomin a bayyane suke ga wanda ke tsayawa a barga da sassafe. Dokin yakan fito a sandare, takunsa gajere, sai ya yi ɗan zagaye jikinsa ya sake. Yakan ƙi gangara, kuma idan mai gyaran kofato ya ɗaga masa ƙafar baya ya riƙe, sai ya yi ta fizgewa ko ya jingina nauyinsa duka a kan mutumin, abin da wasu kan ɗauka taurin kai ne. Alamar da na fi dubawa ita ce jikinsa da safe. Doki yana iya gyangyaɗi a tsaye, amma barci mai nauyi sai ya kwanta. Wanda tashi ke masa wuya yakan daina kwanciya gaba ɗaya, sai ka ga babu ko ɓurɓushin shimfiɗa a gefen cikinsa, ga kuma ƙujewa a gaban gwiwoyinsa da gaɓoɓin da ke saman kofato, saboda barci na ɗaukarsa a tsaye har ya durƙushe.

Idan likita ya zo, yakan lanƙwasa ƙafar ya riƙe kamar minti ɗaya, sannan a ja dokin ya yi sassarfa a ga ko ɗingishin ya ƙaru. Yakan kuma yi allurar kashe zafi daga ƙasan ƙafar zuwa sama har ya gano inda ciwon yake, kafin a ɗauki hoton ƙashi.

Maganin da aka fi sani shi ne fenilbutazon, kuma yana aiki sosai. Matsalarsa ita ce idan aka daɗe ana ba da shi da yawa yakan haddasa gyambon ciki da kumburin babban hanji, yana kuma taɓa ƙoda, musamman ga dokin da ba ya shan ruwa isasshe. Saboda haka mukan nemi mafi ƙarancin awon da zai riƙe dokin, likita kuma ya riƙa gwada jininsa lokaci-lokaci. Akwai firokoksib, wanda ake sayarwa da sunan Equioxx, ana ba da shi sau ɗaya a rana kuma ya fi sauƙi ga ciki, ko da yake shi ma ba a sakin jiki da shi. Ba a haɗa irin waɗannan magungunan biyu a lokaci guda, kuma wannan ce dokar da na fi tsanantawa a kanta ga ma'aikatana.

Idan gaɓa ɗaya ko biyu ce ke damun dokin, likita kan yi allura kai tsaye a cikinta, galibi maganin kumburi irin su tirayamsinolon, wani lokaci haɗe da sinadarin hayaluronik da ke ƙara wa ruwan gaɓa yauƙi. Sauƙin yakan kai watanni. Sai dai a nan ne tsufa ke shigo da nasa sharaɗin, domin tsofaffin dawaki da dama suna da cutar Kushin, wadda ake gane ta da dogon gashi mai ƙin zuba, kuma irin wannan allura na iya jefa su cikin kumburin cikin kofato, wanda ya fi amosanin kansa haɗari. Ni dai ba na yarda a yi wa tsohon doki ita sai an fara gwada jininsa a ga ko yana da cutar. Ga waɗanda gwajin ya hana, akwai hanyar ɗiban jinin dokin a sarrafa shi a mayar da ruwansa cikin gaɓar, akwai kuma allurar Adequan da ake yi a tsoka. Garin glukosamin da kondroitin da ake barbaɗawa a abinci kuwa, hujjar amfaninsa ba ta da ƙarfi, kuma ba na hana mai doki saya, amma ba na ƙirga shi cikin magani. A ƙananan gaɓoɓin ƙafar baya, waɗanda dama motsinsu kaɗan ne, ana iya yin aikin haɗe ƙasusuwan su zama ɗaya, wanda sau da yawa ke rage ciwon matuƙa.

Duk da wannan jerin magunguna, mafi yawan sauƙin da nake gani daga aikin yau da kullum yake fitowa. Dokin da aka ɗaure a turke wuni guda don tausayi ya fi sandarewa, shi ya sa namu suke yini a fili mai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa suna yawo a hankali, waɗanda ke da sauran ƙarfi kuma a ja su tafiya kowace rana ba tare da juyi mai kaifi ba. Ana gyara musu kofato duk bayan mako 4 zuwa 6, a rage tsawon gabansa domin ƙafar ta riƙa tashi daga ƙasa da sauƙi, kuma mai gyaran yakan riƙe ƙafar ƙasa-ƙasa yana hutar da dokin akai-akai. Ƙiba ita ce abin da muke yawan samun saɓani da masu doki a kansa, domin suna jin daɗin ganin dabbarsu ta cika ta yi ɓul-ɓul, ba su tuna cewa gaɓoɓin nan masu ciwo ne ke ɗauke da nauyin. Mukan rage hatsi mu dogara da ciyawa, sannan mu zuba shimfiɗa mai kauri a ɗakin da ƙasarsa ba ta da santsi, domin dokin ya samu abin dafawa idan zai miƙe.

Kowane doki yana da littafinsa, inda ake rubuta ko ya kwanta a daren, yadda ya tashi, abin da ya ci, da awon maganin da aka ba shi. Da wannan littafin likita ke yanke shawarar ƙara magani ko sauya shi. Idan kuma rubutun ya nuna cewa dokin ya fara kasa miƙewa sai an taru an ɗaga shi, duk da magani ya kai iyakar awonsa, sai in kira mai shi da likita mu zauna, a buɗe shafukan makonnin da suka wuce, a tattauna ko ya dace a ci gaba da riƙonsa a wannan halin.