Ranar da na taka tokar Langston Hughes a Harlem

Jirgin ƙarƙashin ƙasa mai lamba 3 na hau daga tsakiyar Manhattan a birnin New York, na sauka a titi na 135 a unguwar Harlem. Tun daga matakala sanyin Nuwamba ya fara yankan kunnuwana, ga shi na baro hular sanyi a masauki. Allah ya taimake ni, Cibiyar Schomburg, ɗakin karatu na binciken tarihi da al'adun baƙar fata, tana nan bakin tashar, sai na faɗa ciki kamar wanda aka koro.

A daɓen zauren akwai wani babban zane mai zagaye, da layuka shuɗɗa suna malala kamar koguna. Ina tsaye a tsakiyarsa wata ma'aikaciya ta shaida mini cewa tokar gawar Langston Hughes, marubucin waƙoƙi baƙar fata ɗan Amurka, tana ƙarƙashin ƙafata. Wallahi ban san lokacin da na yi tsalle gefe ba. Mu da ko kabari ba ma takawa! Ita kuwa dariya ta yi, wai manyan marubuta har rawa sun taka a wurin don girmama shi.

Kogunan daga waƙarsa aka ɗauko su, wadda ya rubuta yana saurayi a cikin jirgin ƙasa lokacin da suke ƙetare kogin Misisipi a hanyar zuwa Meziko wurin mahaifinsa. Mujallar The Crisis ta buga ta a 1921. Furatu, Kongo, Nilu, Misisipi. Na nemi Kwara ban gan ta ba, har na ɗan ji haushi. Amma ai mutumin ya zo mana da ƙafarsa: a 1923 ya kama aiki a jirgin ruwan dakon kaya zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, ya watsar da littattafansa a teku tun a hanya. Da ya iso yana ɗokin ganin dangi, mutanen gaɓa suka dubi hasken fatarsa suka ce masa Bature. A Amurka baƙi, a nan Bature. Duk da haka bai yi zuciya ba, ya dawo Legas a 1960 wajen rantsar da Azikiwe a matsayin Gwamna Janar.

Daga nan na taka zuwa gida mai lamba 20 a titi na 127 ta gabas, inda ya zauna a benen sama har rasuwarsa a 1967. Ƙofar a rufe take. Na ɗan zauna a matakalar dutse ina kallon tagarsa, sanyi ya tashe ni, na gangara titi na 116 wajen 'yan Senegal neman shinkafa da kifi mai zafi.