Gwarzon jiya da Gwarzon yau

Asabar, bayan isha'i.

Da asuba na kai wa Alaramma tilawa, sumuni huɗu. Ya saurara yana jan carbi, da na dire ya ce, "Allah ya yi albarka, gobe ka ɗora," ya juya ga na bayana, wani direban tirela da ke haddar izu biyun ƙasa. Tabarma ɗaya muke zama ni da shi. A duk Kano wannan zauren ne kaɗai ba a taɓa kirana Gwarzo ba, laƙabin da na samu a musabaƙar Alƙur'ani ina yaro, shi ya sa ko ruwa ake tsugawa ba na fashi.

Kasuwa yau sai a hankali. Wajen azahar wani bawan Allah daga Maraɗi ya shigo shagonmu a Kantin Kwari neman shadda. Muna cikin ciniki maƙwabcina ya kira ni da cikakken sunana, sai baƙon ya ajiye yadin da ke hannunsa ya ƙura min ido. Wai ko ni ne yaron nan na kaset? Ya ce mahaifiyarsa, Allah ya jiƙanta, ba ta shan ruwa da azumi sai karatuna na tashi a rediyonta. Ya ciro waya ya kunna, ashe wani ya kwashe kaset ɗin ya ɗora a YouTube. Muryar ɗan shekara 12 ta cika shago, siririya, tana hawa inda ta ga dama. Mutane suka fara taruwa. Ya ce, "Malam, don Allah ko aya uku." Na ba shi haƙuri, na yi wa mahaifiyarsa addu'a, na yi masa ragi. Da ya fita na shiga bayan kaya na zauna har ƙirjina ya lafa.

Karatu ba ya yi min nauyi. Amma wanda yake son ji wancan yaron ne, kuma ya daɗe da tafiya.

Musabaƙa alheri ce, ba zan taɓa cewa ba haka ba. Tun 1986 da Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta jami'ar Sakkwato, wadda a yau ake kira Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ta fara shirya ta ƙasa, tajwidi ya shiga lungu da saƙo, yara maza da mata suka tashi da kwaɗayin hadda. Ana farawa daga ƙaramar hukuma, a je jiha, a je ƙasa. Akwai masu izu 2, 10, 20, 40, 60, da 60 da tafsiri, waɗanda suka yi zarra kuma a tura su irin gasar Sarki Abdul'aziz ta Makka ko ta Dubai. Ni a izu 20 na ci jiha. Abin da ya biyo baya ne ba wanda ya shirya ni dominsa. Duk walimar sauka, duk ɗaurin aure, duk taron masu kuɗi, sai an aiko mota a ɗauke ni in buɗe da karatu. Dattawa sa'o'in Baba suna miƙe min. Na daina zuwa ƙwallo, don an ce bai dace da Gwarzo ba. Kuma duk inda na je abu ɗaya ake so: ayoyin nan da na iya rerawa, waɗanda ke sa mata kuka a bayan labule. Ba mai tambayar ina sauran izu goma sha tara suke kwana.

Sai balaga ta zo. Zakaran wuya ya fito, murya ta fashe, in ɗauko aya a sama ta tsinke a tsakiya. Haka Allah ya halicci kowane ɗa namiji, amma ni a lokacin gani nake an karɓe min wani abu ne saboda laifin da ban sani ba. Motoci suka daina zuwa. Wani yaron ya fito, aka koma kansa. Haddar da ba ta samun bita ta yi ta zubewa, na wayi gari ina gudun limanci ko a sallar magariba ta ƙofar gida. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a riƙa bibiyar Alƙur'ani, domin ya fi raƙuma saurin kuɓucewa daga dabaibayinsu. Na haddace wannan hadisin tun ina yaro. Sai da ya faru a kaina na san abin da yake nufi.

Inna ce ta kai ni wurin Alaramma, bayan ta gaji da ganina a ɗaki. Ta gaya masa ko ni wane ne. Ya ce, "Hajiya, a nan allo muka sani." Ya sa na wanke allo na fara daga Nasi, da wannan muryar mai kauri da nake jin kunyarta. Shekaru ya ɗauka kafin in iya jin kaina ina karatu ban kwatanta da kaset ba. Yanzu in na tsaya salla da dare, ina jin ma'anar abin da nake faɗa, abin da a da daɗin sauti ya hana ni ji.

Bayan la'asar ina gida, Alhaji na gidan kallonmu ya shigo da ɗansa, ɗan shekara 11. Ya ci ƙaramar hukuma a izu 20, wani ya ɗauke shi a waya, bidiyon ya zagaye Facebook da TikTok. Alhaji ya ce in koya masa sirrin riƙe taro, don gayyata ta yi yawa. Yaron ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Kawu, ina wuni," idonsa duk barci.

Na ce ya karanta, ya karanta, kuma wallahi Allah ya yi masa baiwa. Sai na ɗauko masa wurin da aka umarci Bani Isra'ila su zauna a alƙarya a A'arafi. Ya tafi tiryan-tiryan, can sai ya faɗa Baƙara, inda shiga ƙofa da sujada ke gaba, alhali a A'arafi neman yafiyar ce ke gaba. Wuri ne da manya ma ke zamewa, alƙalan musabaƙa na son sa, nan da nan za ka ji ƙararrawa. Na ce ya koma. Kafin ya koma sai ya dubi mahaifinsa a tsorace, hawaye ya cika masa ido. Na san wannan kallon sarai.

Na tura shi cikin gida wurin mai ɗakina ya sha kunu, na fuskanci Alhaji. Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Nan da shekara biyu ko uku muryar nan za ta canza, masu kiran nan za su daina. A gaya masa tun yanzu, daga bakinka, cewa ba laifinsa ba ne, kuma kai ba don murya kake son sa ba. A rage gayyata, ko sau ɗaya a wata ta isa. A bar shi ya yi wasa da sa'o'insa, a gida kuma a kira shi da sunan yanka."

Alhaji ya yi shiru, sannan ya ce maganar gayyata da wuya, akwai manyan da ba a iya ce wa a'a, kuma ɗan abin da ake samu yana rage kuɗin makaranta. Ban musa masa ba, na san halin da ake ciki. Amma ya yarda da abu ɗaya: daga gobe in Allah ya kai mu, yaron zai riƙa bina wurin Alaramma da asuba, ba waya, ba rakiya. Na ce a kwantar da shi da wuri, zan ƙwanƙwasa musu ƙofa kafin kiran assalatu.