Inda Bahaushe yake tuntuɓe a gangar da ke aikin sifa a Turanci

Duk ɗalibin da ya taɓa zama jarrabawar Turanci ta WAEC ko ta NECO ya san tambayar nan da ake yi a sashen auna fahimta, inda ake ciro wani yanki daga cikin labari a ce ya faɗi sunansa a nahawu da aikin da yake yi a jimla. Sau da yawa amsar ita ce adjectival clause, wato ganga dogarau da ke bayyana sunan da ya gabace ta, kamar yadda sifa take yi. A jimlar "The woman who sells kosai is my aunt", yankin "who sells kosai" shi ne ya nuna mana wace mata ake nufi. Yana da aikau (mai yin aikin) da aikatau (kalmar aikin) nasa, amma ba zai iya tsayuwa shi kaɗai ba.

A ganina, haddace wannan suna ba shi ne abin wahala ba, kuma ginin kansa ba baƙo ba ne ga mai jin Hausa, domin kullum muna cewa "matar da take sayar da ƙosai" ko "yaran da suka zo jiya". Hasali ma Hausa ta fi ɗora wa mai magana nauyi a nan, tunda "sun zo" yakan koma "suka zo", "yana zuwa" ya koma "yake zuwa" da zarar ganga irin wannan ta shigo, alhali aikatau na Turanci ba ya sauya kama saboda ita. Matsalar tana tasowa ne a wuraren da harsunan biyu suka raba hanya.

Na farko shi ne abin da kowane harshe yake dubawa kafin ya zaɓi kalmar haɗi. Hausa tana duba jinsi da adadi, shi ya sa muke da wanda, wadda da waɗanda. Turanci bai damu da namiji ko mace ba, abin da yake tambaya shi ne ko mutum ne ko ba mutum ba: "who" ga mutane, "which" ga dabbobi da abubuwa, "that" kuma yana iya tsayawa ga mutum ko dabba ko abu idan babu waƙafi. Wannan kan zauna a kai cikin sauƙi.

Wanda ba ya zama da sauƙi shi ne wakilin sunan da Hausa take barinsa a cikin ganga. Muna cewa "mutumin da na ba shi kuɗi", muna cewa "gidan da muka kwana a cikinsa", kuma babu aibi a ciki, haka harshen yake. Amma idan ɗalibi ya ɗauki wannan tsari ya kai shi Turanci, sai ya rubuta "the man whom I gave him money" ko "the house which we slept in it", dukansu kuwa kuskure ne, saboda "whom" da "which" sun riga sun tsaya a madadin mutumin da gidan, don haka "him" da "it" maimaici ne da Turanci ba ya karɓa. Daidai shi ne "the man to whom I gave money" da "the house which we slept in". Abin da ya sa wannan kuskure yake daɗewa a bakin mutane, har da waɗanda suka yi nisa a karatu, shi ne kunnen Bahaushe yana jin kamar jimlar ta gutsure idan aka cire wakilin sunan, sai hannu ya mayar da shi ba tare da an lura ba. Haka abin yake a wajen mallaka. "Direban da motarsa ta lalace" yakan fito a matsayin "the driver that his car broke down", alhali kalma ɗaya ce, "whose", take ɗauke da aikin "da" da na "-sa" a tare: "the driver whose car broke down".

Akwai kuma inda Turanci yake jefar da kalmar haɗin gaba ɗaya, abin da Hausa ba ta yi da "da". Idan kalmar tana matsayin karɓau, wato abin da aikin ya faɗa wa, ana iya cewa "the book I bought" maimakon "the book that I bought". Idan kuwa ita ce aikau, kamar a "the teacher who taught us", dole ta zauna. Shi kuma "whom" ya ja baya sosai a hirar yau da kullum, amma bayan kalmomi irin su "to", "with" da "for" har yanzu shi ake sa wa, kuma mai duba takardar jarrabawa yana neman sa a wurin.

Batun waƙafi shi ne nake ganin an fi yi wa riƙon sakainar kashi, duk da cewa yana iya juya ma'ana. Wanda ya rubuta "My brother who lives in Zaria is a doctor" ya nuna cewa yana da 'yan'uwa maza fiye da ɗaya, kuma na Zariya yake nufi. Wanda ya sa waƙafi kafin "who" da bayan "Zaria" ya nuna ɗan'uwan ɗaya ne, zamansa a Zariya ƙarin bayani ne kawai. Saboda haka sunan da ya riga ya zama sananne, kamar na gari ko na mutum, waƙafi yake ɗauka: "Abuja, which replaced Lagos as the capital in 1991, is growing fast". A irin wannan wuri ba a amfani da "that", kuma ba a cire kalmar haɗi.

Sai a kula da mazaunin gangar, domin tana manne wa sunan da ya fi kusa da ita. Wanda ya rubuta "I bought a ram from a trader that has long horns" ya ɗora wa ɗan kasuwa ƙaho, ba ragon ba. Gyaran shi ne a matso da gangar kusa da abin da take bayyanawa: "I bought a ram that has long horns from a trader".