Asabar, ƙarƙashin gada

Yatsuna zogi suke yi, da ƙyar nake danna wayar nan, amma in ban rubuta ba barci ba zai zo ba.

Da hantsi muka isa New River Gorge, wani kwazazzabon kogi a jihar West Virginia ta Amurka, don hawan dutse da igiya. Kawu ya ce shi kam ba da shi ba, muka baro shi wajen kallo na Canyon Rim da kyamararsa. Ni da Auta jagora ya kai mu Bridge Buttress, wani dutsen hawa da ke gindin gadar ƙarfen nan da aka gama a 1977, wadda ta ɗaga ƙafa 876 daga saman ruwa. Kana tsaye kana jin gurnanin motoci can sama, kogi kuma na ta nasa a ƙasa. Hanyoyin hawa sun haura 1,400 a kwazazzabon, amma nan ne ake yawan kawo 'yan koyo. Dutsen yashi ne da suke kira Nuttall, mai taurin gaske, ba ya marmashewa a hannu, shi ya sa fatar yatsa ce ke ji a jika.

Ni na fara hawa, kuma wallahi na ji daɗi. Takalmin ya matse ni, garin alli ya yi min fari fat har gwiwar hannu. Akwai wata tsaga da na cusa hannuna ciki, na ji sanyin dutsen, na murɗa, sai ga ni na wuce. Auta ne ya riƙe min igiya. Ko a raina ban kawo komai ba, na jingina baya ya sauko da ni a hankali.

Da layi ya zo kansa, na riga na zura igiya a ƙarfen riƙo. Ya ɗaura ƙullinsa mai siffar takwas, na duba masa, ya duba ɗamarata kamar yadda aka koya mana. Sai ya ɗaga kai ya ce, "Yaya, bari jagora ya riƙe min. Na fi ki nauyi sosai."

Na ce, "Auta, ai sai a ɗaure ni da ƙasa."

Ya ce, "Na sani, Yaya. Hankalina dai zai fi kwanciya."

Shi ke nan. Na cire igiyar na miƙa.

Gaskiya yake faɗa, wannan ba na ja. In mai hawa ya fi mai riƙo nauyi da yawa, ya zame, igiya na iya ɗaga na ƙasa sama, ta buga shi da dutse, kuma a nan ne hannu kan saki. Amma abin yana da magani, kuma jagoran da bakinsa ya nuna mana shi da safe: a ɗaure mai riƙo da wani abu mai ƙarfi a ƙasa. Auta ya ji, yana wurin. Saboda haka ba nauyi ba ne kawai. "Hankalina zai fi kwanciya" ɗin nan ita ta tsaya min a wuya. Yaron da na goya, na riƙe hannunsa ya koyi tafiya, yau a hannun wanda ya sani da safiyar nan hankalinsa ya fi kwanciya. Ni kuwa ɗazu na ba shi raina gaba ɗaya ban tambayi komai ba.

Kuma duk da haka, da na tsaya gefe ina kallonsa yana maƙale can sama, ƙafarsa ta dama tana rawa, na gode Allah da ya faɗi abin da ke ransa. Mai tsoro a kan dutse ba a so ya yi kara. Da ya yi shiru don kunyata, da ya hau da rabin hankalinsa a ƙasa. Na san haka, amma sanin bai rage min komai ba.

Da yamma muka bi hanyar ƙafa ta Endless Wall, har wurin kallo na Diamond Point. Kwale-kwalen roba ƙanana can ƙasa, masu tuƙi na ihu. Jirgin ƙasa ya bi gefen kogi. Hotunan Kawu rabi yatsansa ne a ciki.

A mota Auta ya yi ta zuba, bai lura na yi shiru ba. Gobe Kaymoor za mu, tsohuwar mahaƙar kwal, matakala 821 zuwa ƙasa. In mun koma dutse jibi zan ce wa jagora ya ɗaure ni da ƙasa tun farko, sannan in sake tambayar Auta.