Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Yadda Muka Faɗa wa Umma

A makon jiya mun tsaya a inda likita ya kira ni da ƙanena ofis, a asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba a Legas, ya ce ciwon daji ne ya kama Umma a ƙwan haihuwa, kuma ya kai mataki na 3. Ya zana mana a takarda: ciwon ya bar inda ya fara, ya bazu a fatar da ke lulluɓe da kayan ciki, shi ya sa ruwa yake taruwa har zani ya daina zagaye ta. Watannin da ta yi tana cin loma biyu ta ce ta ƙoshi, tana yawan zagayawa fitsari, ana ba ta maganin olsa a kyamis, ashe duk alamunsa ne. Ya ce yawancin mata sai ya yi nisa ake gane shi, don alamunsa na kama da ciwon ciki na yau da kullum, kuma gwajin bakin mahaifa da ake yi wa mata ba ya nuna shi.

Da muka koma Agege, gardamar da ta tashi ba ta kuɗi ba ce. Baba ya ce kada wanda ya kuskura ya gaya mata. Mutumin da ya shekara talatin yana ciniki da direbobin tumatir a kasuwar Mile 12 ba a taɓa jin muryarsa ta yi rawa ba, ranar sai da ya juya mana baya yana share ido da hannun riga. A ganinsa, jin sunan ciwon zai kashe ta kafin ciwon. Kawu kuma ya bugo waya daga Katsina, ya ce a sa ta a mota a kawo ta gida, akwai mai magani.

Ban ga laifin kowa a cikinsu ba, so ne. Amma ni nake kwana da ita a asibiti, ni nake mata tafinta, na kuma ga yadda take bin bakin likitoci da ido. Yaya za a yi a sa wa mace ruwan magani da zai zubar mata da gashi, a ce mata olsa ce?

Gwaggo ce ta raba gardamar. Ta ce wa Baba, "Yaya, matar da ta haifa maka bakwai ta binne biyu, ita za ka ɓoye wa ƙaddararta? Bari ta san abin da za ta roƙi Allah a kai."

Aka ɗora mini faɗa. Ni ce 'yar fari, don haka Umma ba ta kiran sunana, ba ta ma cika haɗa ido da ni ba. Bayan isha na zauna a bakin gadonta ina matsa mata ƙafa, ina ta kewaye-kewaye. Ta katse ni. "Ke, 'yar nan, daji ne ko?" Na ce e. Ta yi shiru, ta ja salati, sannan ta ce, "Cikina ne, ai na riga ku sani. Ina dai jira in ga wanda zai daina yi mini kallon yarinya." Sai ta tambayi me likita ya ce za a yi.

Na gaya mata yadda ya tsara. Za a fara zuƙe ruwan cikin don ta sami numfashi. Sannan a sa mata magani biyu ta jijiya, carboplatin da paclitaxel, sau ɗaya duk mako 3. Bayan zagaye 3 za a sake hoto, in ciwon ya ja baya a yi tiyata a cire abin da za a iya cirewa, a ƙarasa da wasu zagaye 3. Likitan bai yi mana alkawarin warkewa ba. Ya ce irin wannan ciwon yakan ji magani sosai da farko, yakan kuma dawo, don haka za a dinga duba jininta da gwajin CA-125, wanda lambarsa kan hau in ciwon na ƙaruwa. Duk na faɗa mata, ban rage ba.

Tun daga daren nan gidan ya canza. Da an ɓoye mata, da dole a ɓoye wa unguwa, mu ci gaba da ɗaukar kayan mu kaɗai. Da ta sani, ita da bakinta ta aika wa malamar islamiyyarsu. Kafin Juma'a matan adashinsu sun yarda a ba ta kwasar watan, alhali kwasarta na can ƙarshe. Abokan Baba a kasuwa suka yi karo-karo suka kawo a baƙar leda. Wani tsohon yaron shagonsa da ke zaune a Idi-Araba ya kwashe 'ya'yansa zuwa ɗakin uwarsu, ya ba mu ɗaki, don kada Umma ta sha jijjigar motar danfo daga Agege zuwa Oshodi zuwa Mushin da asuba a ranar magani. Wanda ya san cunkoson wannan hanyar ya san girman wannan kyautar. Kuɗin bai isa ba, sai da na sayar da ɗan kunnen aurena, Baba ya sayar da filinsa na gida. Amma ba mu taɓa tsallake ranar magani ba.

A ɗakin da ake sa ruwan muka haɗu da wata Bayarabiya, tsohuwar malamar firamare, muna ce mata Iya. Ciwonsu ɗaya da Umma, ita nata dawowa ya yi bayan shekaru. Ba ta jin Hausa, Umma kuma Yarbancin ciniki kawai ta iya, amma sai ka ga sun yi awa suna hira da hannu. Ranar da gashin Umma ya fara bin mataji, ta ƙi cin abinci. Iya ta zame ɗankwalinta a gaban kowa, ta kama hannun Umma ta ɗora a kanta. Ta ce mini in gaya mata wannan karo na biyu ke nan, na farko ya tsiro har ta yi kitso ta aurar da 'yarta. Ita ta koya mana a ci kaɗan-kaɗan ko ba yunwa, a faɗa wa nas da zarar yatsu sun fara dindiris, kuma in zazzaɓi ya zo bayan magani kada a tsaya kyamis, a taho asibiti ko tsakar dare ne, don maganin yana rage ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta.

Bayan zagaye na 3 lambar CA-125 ta sauko, ruwan bai sake taruwa ba, Umma ta cinye tuwon shinkafa malmala guda ta ce miyar ba gishiri. Aka sa ranar tiyata. A zaman nan ne likita ya tambaye ni ko a dangin Umma akwai wadda ta yi ciwon dajin nono, na ce yayarta da shi ta rasu. Ya ajiye biro, ya ce to akwai maganar ƙwayar halittar da ake gada, da ake kira BRCA, mai ƙara haɗarin irin wannan ciwon, kuma ta shafe ni da ƙannena mata. A nan za mu tashi mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.